Larai Mai Gora Ta Girma

Zuwa ga mai alfarma, fitilar zuriyarmu, magajiyar sunan mahaifiyata, shugabar rundunar korar tsuntsu ta fadamarmu mai murabus, gwanar majajjawa wadda ba ta taɓa samun tsuntsu ba amma ta taɓa samun ƙeyar mahaifinta, ɗalibar ilimi mai zurfi a makarantar kwana ta Jahun, wato uwata, Uwani.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, wadda in aka loda ta a kwale-kwale sai ya nitse kafin ya bar gaɓa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ki daga zazzaɓin baƙon wuri, da zaluncin manyan ɗalibai, da wake mai ƙwari, amin. Ummanku tana gaishe ki. Ta ce in gaya miki kada ki yi wanka da ruwan sanyi da sassafe. Na isar da saƙo, na fita haƙƙinta.

Ki sani ba a kan tebur nake wannan rubutu ba. Ina kan rumfar tsaro a tsakiyar shinkafa, ruwa na gudu a ƙarƙashina, igiyar gwangwanaye kuma tana ɗaure a babban yatsan ƙafata, domin hannuwa biyu duk sun samu aiki. Shinkafa ta fitar da kai, tsuntsun jan-baki ya iso da dukkan danginsa. In kin ga layi ya karkace, ba tsufa ba ne, ƙafa ce ta ja igiya.

Ba zan ba ki labaran gari ba, Haɗeja tana inda kika bar ta. Magana ɗaya ce ta hana ni zama. Ƙanenki Auta ya daina cin kifi tun ranar da kika tafi. Ko ɗanye ne, ko busasshe, ko wanda Ummanku ta dake ta ɓoye a cikin miyar kuka, sai ya tsamo shi ya ajiye a gefen kwano, ya dube ni ya ce, "Baba, Gemu ne?" Yaron da aka haifa a bakin kogi ba ya cin kifi, me ya rage masa? Ya fara ramewa. Kin san dalili, domin ke kika bar labarin Larai mai Gora a rataye kika hau mota. Sai dai kafin in ɗora miki laifi, adalci ya tilasta mini in fara da nawa, tunda ni na kafa masana'antar.

Kina 'yar ƙanƙanuwa na fara kawo ki wannan rumfa, lokacin ba a ba mu jiharmu ba, muna ƙarƙashin Kano. Ina tashi daga koyarwa a firamare sai in goya ki a keke mu taho. Ba kya zama. Ki bi kwaɗo, ki bi fara, ki leƙa ruwa har sai na damƙo rigarki. Don in ɗaure ki wuri ɗaya na ƙirƙiro Larai, yarinyar da ke hawa gorar kamun kifin mahaifinta ta nutsa zuwa wani gari a ƙasan kogi. A can take da aboki, ɗan tarwaɗa mai suna Gemu, da tsohuwar Kififiya mai ba su gyaɗar ruwa, da kuma Waziri Zalɓe, tsuntsu mai tsayi da kwarjini da fasahar magana, wanda wasu 'yan hassada suka riƙa cewa da ni yake kama. A wancan zamani babu abin da ke samun kowa a labarin. Mafi girman bala'in da ya taɓa afka wa garin shi ne ranar da kaguwa ta sace hular sarki.

Da muka koma gida kika kwashe labarin kaf kika zuba wa kakarki Iya. Ta aika a kira ni.

"Kai, zo nan. Tatsuniya da rana tsaka? Ba ka san mai yinta da mai jinta ɓacewa suke yi ba? So kake ka ɓatar mini da takwara a cikin fadama?"

Da na ce ta yi haƙuri, da an wuce wurin. Amma kin san mahaifinki. Na gyara hula, na yi gyaran murya, na ce, "Iya, Allah Ya ja kwananki, wannan ba tatsuniya ba ce. Tarihi ne. A makaranta ma da rana muke koyar da shi, gwamnati da saninta."

"Tarihin tarwaɗa?"

"Tarihin tarwaɗa, Iya."

Ta dube ni ta ce, "To, Allah Ya ba ka ikon riƙe shi, sarkin surutu. Tun kana goye bakinka ya fi ka girma."

Na fita ina taƙama na ci nasara. Ashe kina bayan ƙofa kina ji. Da kaka ta zagayo muka hau rumfa, na buɗe baki na ce Larai 'yar ƙanƙanuwa ce mai wasa da kwaɗi, sai kika tare ni.

"Baba, bara ni da Larai kanmu ɗaya. Bana haƙorina ya faɗi. Nata fa?"

Na ce, "Ai mutanen tatsuniya ba sa girma."

"Ka ce wa Iya tarihi ne."

Ranar Larai ta yi giɓi. Daga nan kuma duk abin da ya same ki sai ya same ta, ni kuwa na zama bawan kalmar da na ara don in guje wa faɗan minti biyu. Nasihata ta farko ke nan, uwata: in malama ta kama ki da ƙaramin laifi, ki amsa shi da ƙaramar kalma. Babbar kalma tana fitar da mutum a ranar, amma sai ta biyo shi gida ta zauna, ta ce shi zai ciyar da ita.

Dakata, tsuntsaye sun sauka a kusurwar yamma.

Na dawo. Na yi musu jawabi, ba su saurara ba, sai da na haɗa da majajjawa.

Sai shekarar da ruwa bai hau fadama ba. Kin tuna ta. Aka shuka shinkafa aka zauna jira, kogi ya tsaya a cikin kwarinsa kamar wanda aka yi wa laifi. Wasu suka ce fari ne, wasu suka ce an tare ruwan a can sama. Babu shinkafa, babu tsuntsu, babu dalilin hawa rumfa, amma kika ce lokacin labari ya yi. Muka zauna a zaure, kika tambaye ni ina mutanen ƙasan kogi suka tafi tunda babu ruwa. Na ce biki suka tafi Gashuwa, da kayan kiɗa da komai, Waziri Zalɓe ne ma mai jawabin buɗe taro.

Kika ce, "Ba biki suka tafi ba. Na gan su a tafkin bayan gonar Kawu, cikinsu a sama, suna wari. Na ga ana tono gaiwa da fartanya daga cikin busasshen taɓo."

Na nace a kan biki. Na ƙara masa kalangu, na ƙara masa shinkafa da miya. Kika saurara cikin ladabi, irin sauraron da ake yi wa mai tallan maganin da ba za a saya ba, sannan kika ce za ki je ki taya Ummanku tsince wake. Ke da ake bi da tsintsiya kafin ki taɓa wake! Washegari na sauko daga kan dokina. Na ce garin ya bushe, an rasa mutane da yawa, Gemu ya tsira ne don wata gaiwa ta ja shi cikin ɗakinta na taɓo, Larai kuma ta yi ta ɗebo ruwan rijiya a gorarta tana zuba musu ta wata ɓaraka. Kika matso har gwiwarki na taɓa tawa. Na ɗauka zaƙi ne ke riƙe yaro, ashe yaron da ya riga ya ga tafki ba ya son a mayar da shi makaho. Za ki sami ƙananan ɗalibai a ɗakin kwananku, masu kukan gida. Kada ki ce musu babu komai. Ki ce musu akwai, sannan ki nuna musu ta inda ake zuba ruwan.

Kuskure na gaba ba zan yi masa ado ba, domin ba ya karɓa.

A shekarar da aka ba mu jiha Allah Ya karɓi Iya. Ana ta murna a gari, mu muna karɓar gaisuwa. Da kaka ta zo muka hau rumfa, ke da ni da 'ya'yan Kawunku, har da Auta da aka fara bari ya biyo mu. Wallahi ban shirya ba. Ina cikin magana sai na ji bakina ya ce tsohuwar Kififiya ta shige cikin ƙoƙon bayanta, Larai ta ƙwanƙwasa, ta ƙwanƙwasa, ba ta fito ba. Sai kuka ya ɓarke, kowa da kowa. Tsuntsaye suka sauka suka ci son ransu, babu wanda ya taɓa igiya. Ke kaɗai ce ba ki yi sauti ba, hawaye kawai ke zuba, kina riƙe da bakin zanenki.

Tsoro ya kama ni. Washegari na hau da fara'a na ce, "Albishirinku! Ashe barci ne ya kwashe Kififiya. Ta farka, har ta nemi kunu." Ƙananan suka yi tsalle. Ke kuwa kika dube ni, kallon da har yau in na tuna sai in gyara zama.

"Iya ta farka ne?"

Na sunkuya ina gyaran igiya.

"Ka ce tarihi ne, Baba."

Kika sauka daga rumfa, kika ratsa ruwa har ƙugu, kika tafi gida a ƙafa. Har aka yanke shinkafar shekarar ba ki sake hawa ba. Na ba ki wurin da za ki yi wa kakarki kuka, sannan na zo da safe na ƙwace, don ni ne ba na iya jure ganin hawaye. Uwata, in kika faɗi gaskiya wani ya yi kuka, kada ki janye ta don ki huta. Ki zauna kusa da shi har ya gama. Zaman ne aikin, kuma ya fi ƙarya wuya.

Sun sake dawowa. Wannan karon da baƙi, ina jin daga fadamar Baturiya aka gayyato su. Igiya ta kusa cire mini yatsa.

To, da na ga sassauci ya kore ki, sai na yanke shawara irin ta masu hikima, wato na faɗa ɗaya ramin. Na ce tunda duhu take so, zan ba ta duhun da ba a taɓa gani ba. Lokacin ciyawar kacalla ta fara toshe mana hanyoyin ruwa, sai na mayar da ita runduna mai tafiya da kanta, tana shaƙe kifaye gida gida. Na zuba jini, na zuba ƙasusuwa, na kawo kalmomin da ni kaina sai na koma gida nake tambayar kaina ma'anarsu. Na kashe mutum goma sha wani abu a zama ɗaya, waɗanda ban ma ba su suna ba. Auta ya jiƙa wandonsa. 'Ya'yan Kawu suka ce ba za su ƙara ratsa ruwa ba, Kawu ya zo har gida ya tambaye ni ko ni zan riƙa tsare masa gona. Ke kuwa, da kika dawo don ki ga abin da ake ta magana, hamma kika yi.

"Baba, duk waɗannan da suka mutu, wa ya san su? Ihu kawai kake yi."

Na ce, "To, malama, in kin fi ni, ga fili."

Da baƙar magana na faɗa. Kika gyara zama kika karɓa. Tun daga ranar ban sake zama komai a rumfar nan ba sai mai jan igiya.

A nan ya wajaba in yi abin da ba na so, wato yabon wani. Ba ki taɓa ɗaga murya ba, ba ki zubar da jini ko ɗigo ba, amma labarin ya yi nauyin da nawa bai taɓa yi ba. Kififiya kika mayar da ita cikin ƙoƙon bayanta, kika sa Larai ta riƙa share ƙofar gidanta. Larai ta yi tsayi, gora ta fara yi mata kaɗan. In ta nutsa, ƙananan kifaye sai su watse, don ta fara kama da masu zuwa da taru. Sannan kika kawo abin da na yi shekaru ina kewaye shi kamar rami: mahaifin Larai masunci ne. Abin da ke cikin miyarsu kullum daga garin abokanta yake fitowa. Tana ƙarama ba ta taɓa haɗa biyun ba, ni ma ban bari ta haɗa ba. Ranar da kika sa ta tsaya da loma a hannu tana kallon kwano, na ga Auta ya dubi nasa hannun.

Sai zaman ƙarshe, ana gobe za ki tafi. An yi shelar su, wato kamun kifi na gayya, gari ya fito da homa da gora, an kewaye tafkin da mutanen ƙasan kogi suka fake. Gemu, wanda yanzu ya zama babban tarwaɗa mai iyali, ya faɗa a homar mahaifin Larai. Larai tana tsaye a ruwa, gorarta ta tsage, mota kuma tana jiranta a tasha za ta kai ta wani gari mai nisa. Mahaifinta ya ɗaga homa yana murna, ya ce, "Larai, ga guzurinki!" Nan kika tsaya. Kika karkaɗe zane kika ce sai kin dawo hutu.

Sai kin dawo hutu! Uwata, ko gwamnati ba ta yi wa talaka irin wannan.

Kada ki ɗauka ban yi ƙoƙari ba. Shekaranjiya na tara su, na yi gyaran murya, na ce Larai ta fizge homar ta saki Gemu. Auta ya ce, "To me za su ci a gida?" Na ce to, mahaifin ne ya ji tausayi. Ya ce, "Ai bai san Gemu ba." Na fara neman hanya ta uku, sai ya ɗaga mini hannu kamar alƙali.

"Baba, bari. Ba kai ke da labarin ba. Na Yaya Uwani ne. Abin da ba ita ta faɗa ba bai faru ba."

A gonata, a kan rumfar da na kafa da hannuna.

Jiya da ya sake tsamo kifi daga miya ya ce, "Gemu ne?", na ji tsohuwar ƙaryar ta taso mini har maƙogwaro. Na haɗiye ta. Na ce masa, "Ban sani ba, Auta. Wannan dai ba shi ba ne, don karfasa ce, dubi ƙayarta. Amma abin da zai sami Gemu, ni ma jira nake kamar kai." Ya yi kuka, na zauna kusa da shi har ya gama, tuwona ya huce. Bayan nan ya ci rabin karfasar. Ya ce tarwaɗa dai ba zai ci ba sai ya ji. Na ce an yi ciniki. Kin ga, ashe akan girma ko bayan an haifi 'yan makaranta.

Saboda haka ba na roƙon ki ki ceci Gemu. Labarin ya girma tare da ke, ya wuce inda hannuna ke kaiwa, kuma ke ma inda kika tafi za ki ga abubuwan da ban taɓa sa su a ƙasan kogi ba. In Gemu zai rayu, ya rayu ta hanyar da Auta ba zai kama ki da ƙarya ba. In ba zai rayu ba, ki bari sai kina kusa da yaron, kada ki aiko masa da mutuwa a cikin ambulan. Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Kada ki ba kowa aron bokitinki. In kewa ta kama ki, kada ki ce wa kanki babu komai.

Allah Ya tsare ki a kwance da tsaye, a aji da ɗakin kwana, a hanya da masauki. Ya haɗa ki da malamai masu tausayi da ƙawaye masu tsoronSa, Ya buɗa ƙirjinki ga karatu, Ya jiƙan wadda kika ci sunanta, Ya dawo mana da ke lafiya. Amin summa amin.

Saura wata 'yar magana, wadda na tsallake a sama don kiyaye martabar wasiƙa.

A wancan zama na ƙarshe, kafin a ɗaga homa, kin tuna abin da kika yi wa Waziri Zalɓe. An ɗora shi a kan tudu don ya yi gargaɗi in ya hango masunta. Kika sa ya tsaya a ƙafa ɗaya ya fara da gaisuwa, ya jero laƙabin kowa da kowa, har aka gama kewaye tafkin bai iso kan maganar ba. Wannan na yafe, kowa na iya kuskure. Amma sai kika sa jan-baki suka taru suka fige shi tas, suka kai gashin sheƙarsu, kika bar bawan Allah tsirara a kan tudu, iska na kaɗa shi. Ba ki ce komai a kansa ba kika tafi.

'Ya'yan Kawu sun kai maganar makaranta. Ranar Litinin na shiga aji na ce a tashi a gaishe ni, sai yara suka miƙe gaba ɗaya, kowa a ƙafa ɗaya. Mai shayin bakin tasha ya tambaye ni ko ba na jin sanyi. Ummanku, matar da na aura da sadakina, ta miƙo mini bargo da rana tsaka. Na sanar a rumfa cewa gashin ya tsiro, Auta ya ce ba daga bakinki ya fito ba.

Don haka, ya mai alfarma, direban da ya kawo miki wannan takarda zai dawo ranar kasuwa. Ki ba shi layi biyu da rubutun hannunki, ki sa hannu a ƙasa yadda Auta zai gane, cewa gashin Waziri ya fara fitowa. Ba na neman duka. In na fukafukai zai ɓata miki tsari, na haƙura da shi har hutu. Na wutsiya kawai, uwata, don mutum ya samu abin juya baya.

Wassalam. Naki mahaifi, mai jan igiya,
Malam Sale